Ɗan majalisa ya faɗa, yaro ya maimaita: wa doka take karewa?

A rumfunan cajin waya na kasuwannin ƙauye, ko a Dambatta ranar Lahadi ko a Maigatari ranar Alhamis, ba wa'azi da waƙa da fassarar Indiya kaɗai masu turi suke zuba wa mutane a memori ba. Akwai wasu gajerun bidiyoyi, da yawansu ba su kai minti guda ba, waɗanda aka yanko daga zaman majalisa a Abuja. Wani an bar shi yadda yake. Wani an ɗora masa kiɗa. Wani kuma an cire muryar mai magana an saka ta wani yaro mai iya baki, sai ka ga sanata da babbar riga yana ɗaga hannu yana kumfar baki, amma abin da ke fitowa daga bakinsa cinikin akuya ne. Daga memori su faɗa WhatsApp, daga nan su isa teburin mai shayi, kafin kasuwa ta sake ci har yaran da ke kiwo sun haddace.

Dattawa sukan yi tsaki su ce, "Kai yaro, babban mutum ne fa wannan, ya haife ka." Yaro kuma amsarsa ba ta sauyawa: "Baba, ai da bakinsa ya faɗa, ni tura shi kawai na yi." A cikin wannan 'yar musayar duk gardamar take. Hoton zaman majalisa na wane ne? Wanda jama'a suka zaɓa yana da ikon cewa kada a yi dariya da fuskarsa? In kuma an yi, a ina barkwanci ya tsaya, ɓatanci ya fara?

Ba mu muka soma wannan jayayya ba. Majalisar Ingila ta daɗe tana gudun kyamara. Rediyo ya samu shiga a 1978, majalisar dattawansu ta buɗe wa talabijin ƙofa a 1985, ta wakilai kuwa sai a watan Nuwamba 1989 ta sallama, shi ma da jerin sharuɗɗa. An tsara inda kyamara za ta kalla da inda ba za ta kalla ba, har aka ce in rikici ya ɓarke a zaure, sai a karkata ta kan kujerar shugaban majalisa. Sharaɗin da ya fi jawo surutu shi ne wanda ya ce ba za a ɗauki hoton zaman majalisa a saka a shirin nishaɗi ko na barkwancin siyasa ba. A labarai an yarda, a shirin sharhi an yarda, amma da zarar niyyar a ba mutane dariya ce, ƙofa ta rufe.

Abin ya zama abin dariya shi kansa. A 2011 an kasa nuna wani kashi na shirin barkwancin Amurka mai suna The Daily Show a talabijin ɗin Ingila, saboda ya yi amfani da hoton majalisar ƙasar. A 2018 haka ta faru da shirin John Oliver, wanda shi ma haifaffen Ingila ne: masu kallo a Amurka suka ga 'yan majalisar Ingila suna gardama a kan ficewa daga Tarayyar Turai, masu kallo a Ingila kuwa aka cike musu gurbin da wani abu daban. Wato baƙon da bai zaɓi kowa ba yana da damar ya yi dariya, wanda ya kaɗa ƙuri'a ya biya haraji ba shi da ita. A 2016 wata 'yar majalisa, Rupa Huq, ta nemi a sake duba ƙa'idar, jagoran majalisar na lokacin, Chris Grayling, bai goyi baya ba.

Bai kamata a ɗauki masu kare wannan ƙa'ida a matsayin marasa hujja ba. Suna cewa majalisa wurin aiki ne, ba dandalin wasan kwaikwayo ba. Idan ɗan majalisa ya san duk tuntuɓen harshen da ya yi zai zama abin wasan yara gobe, ɗayan biyu zai faru: ko ya kame bakinsa ya daina faɗin abin da ke ransa, ko kuma ya koma yi wa kyamara rawa, ya riƙa furta abin da zai yaɗu maimakon abin da zai amfani mazaɓarsa. Na biyun nan gaskiya ne, muna ganin irinsa. Suna kuma cewa ciniki aka yi: mun ba ku hoto, kun karɓi sharaɗi. Sai dai cinikin an ƙulla shi ne a zamanin da gidajen talabijin 'yan ƙalilan ne, kowane da lasisin da yake tsoron a ƙwace. Yau kowane aljihu gidan talabijin ne. Ƙasar Niyu Zilan ta gwada irin wannan hani a 2007, ta ce kada a yi amfani da hoton majalisa don zambo ko izgili ko ƙasƙantarwa. Manyan gidajen talabijin ɗin ƙasar suka fito fili suka ce ba za su bi ba, bayan shekara 10 kuma, a 2017, majalisar da kanta ta soke shi.

A Najeriya hoton majalisa ya daɗe da zama kayan kowa. Wa zai manta da Nuwamba 2014, ranar da 'yan majalisar wakilai suka riƙa tattare riguna suna haura ƙofar ƙarfe, bayan 'yan sanda sun tare hanya lokacin rikicin sauya sheƙar Aminu Waziri Tambuwal? Ko Afrilu 2018, da wasu mutane suka kutsa zauren majalisar dattawa ana tsakiyar zama, suka sunkuci sandar majalisa suka fita da ita a gaban kyamara? A Yuli 2020, a zaman binciken hukumar raya yankin Neja Dalta, muƙaddashin shugaban hukumar ya sulale a kan kujera ana cikin yi masa tambayoyi, a wannan zaman ne kuma shugaban kwamitin ya riƙa roƙon minista Godswill Akpabio ya kashe makirufo da ya fara cewa 'yan majalisa na cikin masu cin kwangila. A Agusta 2023, Akpabion, yana shugaban majalisar dattawa, ya sanar da sanatoci cewa an tura musu ɗan abin hutu a asusunsu, da aka ankarar da shi cewa ana kallo kai tsaye sai ya janye, ya ce addu'a ce aka tura musu. Wannan ba ya buƙatar ɗan barkwanci. A saka shi yadda yake ya wadatar.

Namu na gida ma sun shiga. Muhammad Gudaji Kazaure, wanda ya wakilci Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi daga 2015 zuwa 2023, ya miƙe a zauren majalisa a Maris 2018, ana muhawarar ranar mata ta duniya, ya ce a ba mata dama amma kada ta yi yawa, don wata rana za su kifar da maza. Bidiyon ya zagaye ƙasar. A Janairu 2020 Alhassan Ado Doguwa, wakilin Doguwa da Tudun Wada, ya gabatar wa majalisa matansa huɗu, ya kuma shaida mata cewa 'ya'yansa 27. Shi ma ya zagaye. A nan ina da ra'ayi. Yawancin dariyar da aka yi wa Gudaji a kudancin ƙasar a kan Turancinsa aka yi ta, wannan kuwa dariya ce mai arha, don Turanci ba shi ne hankali ba, kuma da yawan masu karya harshe a zauren ba wanda zai iya tuna abu ɗaya da suka taɓa faɗa. Amma wanda ya ɗauki maganarsa a kan mata ya juya ta, ya nuna inda ta yi rauni, ya ba mutane dariya da ita, bai yi laifin komai ba. Magana ce ta siyasa, an yi ta a wurin siyasa, da sunan mata da mazan Roni da Gwiwa.

To me doka ta ce? Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da riƙe ra'ayi, da karɓa da yaɗa bayani ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Tsakanin waɗannan sassa biyu ake ta ja. Ta fuskar mallakar hoto, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa kwaikwayon barkwanci da zambo da zanen ban dariya cikin hanyoyin da aka yarda a yi amfani da aikin wani ba sai da izininsa ba, matuƙar ba a wuce gona da iri ba. Saboda haka wanda ya yanki hoton da gidan talabijin ya ɗauka ya yi raha da shi yana da madogara.

Haɗarin ta wata ƙofa yake shigowa. Ɗan majalisa yana da rigar kariya a kan duk abin da ya furta a zaure ko a gaban kwamiti: dokar iko da alfarmar majalisu ta hana a kai shi kotu saboda kalamansa a can, ko da ya ambaci sunan mutum ya zarge shi. Akwai hikima a cikin haka, don wakili ya iya tona asirin ɓarawo ba tare da fargabar lauyoyinsa ba. Amma saurayin da ke zaune a Gezawa ko Ringim, wanda ya ɗauki wannan furuci ya sa masa kiɗa, ba shi da ko hular kariya. A kansa akwai sashe na 391 da na 392 na dokar Final Kod, waɗanda suka mai da ɓata suna laifin da ake ɗauri a kansa. Akwai tuhumar tunzura jama'a da tayar da hankali, wadda ɗan sanda mai gabatar da ƙara ba ya rasa ta a aljihu. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda a yadda aka fara rubuta shi ya hukunta saƙon da aka aika don ɓata wa wani rai ko cin zarafinsa ko jefa shi cikin damuwa, da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Ka duba fa: ɓata rai. Wane zambo ne ba ya ɓata wa wanda aka yi dominsa rai? Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, kuma a Fabrairu 2024 aka yi masa kwaskwarima, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don wargaza doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. An samu ci gaba a takarda. Kamen dai bai tsaya ba.

Mutanen Kano da Jigawa ba sai an ba su labari ba. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna Abdullahi Umar Ganduje. A cikin watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka tafi da shi Abuja saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan aka janye ƙarar. Waɗannan sun yi suna ne shi ya sa aka ji. Na ƙauye ba a jin nasa. Shi ba ya ma kai wa ga hukunci. A ɗauke shi a kai ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma, ya kwana biyu, uban ya kama tunkiya ya kai kasuwa, a nemi mai unguwa da liman su raka shi gidan honarabul ba da haƙuri, yaro ya yi sabon bidiyo yana neman afuwa da ido jajur. Ba alƙalin da ya duba ko abin da ya yi laifi ne. Sauran samarin garin kuwa sun ɗauki darasi, kuma darasin da ake so su ɗauka ke nan.

Abin takaicin shi ne manyan kotunan ƙasar nan sun daɗe da fayyace matsayin mai riƙe da muƙami. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda rubutun da ya yi na sukar gwamnan tsohuwar jihar Anambra, Jim Nwobodo. Kotun ta ce dokar hana sukar gwamnati gadon mulkin mallaka ce da ba ta dace da tsarin mulki ba, wanda ya ga an ɓata masa suna kuma ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. Ƙasar Gana ta soke ɗauri a kan ɓata suna tun 2001. A 2014 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, a shari'ar wani ɗan jarida da gwamnatin Burkina Faso, ta ce ɗaure mutum saboda ɓata suna ya wuce ƙima. Duk da haka majalisarmu ta tarayya ta sha gwada ƙara wa kanta katanga. Ƙudirin sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015, wanda jama'a suka yi wa laƙabi da dokar toshe bakin soshiyal midiya, an janye shi a 2016. A 2019 sanata Mohammed Sani Musa ya kawo wani mai kama da shi, sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya wanda har rataya ya tanada. Ba wanda ya zama doka a cikinsu, amma sun nuna inda zuciya take. Ko ɗan majalisar ma, in ya fito waje ya yi magana, bai tsira daga abokan zamansa ba: a Maris 2024 aka dakatar da sanata Abdul Ningi wata 3 saboda hirar da ya yi da sashen Hausa na BBC a kan cushe a kasafin kuɗi.

Akwai wani abu da ya sa wannan batu ya fi nauyi a karkara fiye da birni. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a gudanar da harkokin majalisar tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Shekara 20 da ɗoriya ana jiran tanadin. Kano tana da wakilai 24 a majalisar wakilai, Jigawa 11, ga sanatoci uku-uku, dukkansu da Turanci suke magana da yawun manomin da bai yi boko ba. Manomin nan ba zai zauna awa huɗu yana kallon zama kai tsaye ba, ba shi da wutar, ba shi da datar, in ma yana da su ba zai ji abin da ake cewa ba. Sau da yawa wannan guntun bidiyon da aka fassara aka sa wa gishiri shi ne kaɗai rahoton da zai samu a kan wanda ya tura Abuja. A cikinsa zai ga ko wakilinsa yana miƙewa ko gyangyaɗi yake yi, ko kuma kujerarsa wayam take. Wanda ya ce a hana wannan, sai ya faɗi abin da zai ba shi a madadinsa.

Masu cewa yi wa shugaba dariya baƙuwar ɗabi'a ce da waya ta kawo, su koma su tambayi kakanninsu. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye ne suke naɗa gwamnansu da alƙalinsu da ɗan sandansu, su kwaikwayi tafiyarsu da tsawarsu, gari ya taru yana dariya. A cikin fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da fadawansa, ta nan yake ganin abin da ba wanda zai iya faɗa masa baki da baki. Ga wawan sarki, ga 'yan kama da 'yan gambara, ga tashe a watan azumi da ba ya barin malami ko attajiri ko gwauro. Zamanin jam'iyyun NEPU da NPC kuwa, tun daga 1950 zuwa juyin mulkin 1966, zambo da habaici su ne rabin siyasar, kuma da yawan 'yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e saboda bakinsu. Sojojin baka na gidajen rediyon Kano jikokin wannan zamani ne. Sai dai wasannin gargajiya suna da lokaci da fili da iyaka, kowa ya san wasa ake yi, kuma in an watse an watse. Bidiyo ba ya watsewa. Yana nan bayan shekara biyar, ya kai ga wanda bai san asalinsa ba, bai kuma san wasa ba ne.

Malamai suna da tasu hujjar, kuma mai ƙarfi ce. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da miyagun laƙabi, ta 12 ta hana giba. Babu mai gardama a kan wannan. Wanda ya ɗauki hoton ɗan majalisa ya yi wasa da gurguntakarsa ko in'inarsa, ko ya ja matarsa da 'ya'yansa cikin zancen, ya faɗa cikin abin da aka hana, ko doka ta kama shi ko ba ta kama shi ba. Amma malaman nan su ne suka karantar da mu cewa faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba yana cikin mafificin jihadi, kuma wanda aka zalunta yana da damar ya kai kuka. Aikin da mutum ya yi a bainar jama'a, da kuɗin jama'a, ba sirrinsa ba ne. Hadisin da ya fi dacewa da wannan zamani, a ganina, shi ne wanda ya yi alkawarin azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Ba dariyar aka la'anta ba, ƙaryar ce.

A nan ya kamata a ja layi, kuma ba shi da wuyar ganewa kamar yadda masu mulki suke so a ɗauka. Bidiyon da aka sa wa sanata muryar mai cinikin akuya ba ya yaudarar kowa. Ko yaro ya san sanatan bai faɗi haka ba. Bidiyon da aka jera alkawarin da mutum ya yi a kamfe kusa da abin da ya faɗa a zaure, aka sa kiɗa a tsakani, aikin jarida ne da ya sanya rigar wasa. Mai guba shi ne wanda ba ya kama da wasa ko kaɗan. A ɗauki jawabin minti goma a yanko daƙiƙa 15, kamar mai karatun da ya kawo "kada ku kusanci salla" ya rufe littafi bai ƙarasa "alhali kuna cikin maye" ba. Ɗan majalisa yana karanto ra'ayin da yake shirin rusawa, a yanke kafin ya rusa, a ce nasa ne. A ɗauko hoton zaman 2018 a ce jiya aka yi. A rubuta fassarar Hausa a ƙasa wadda ba ita ce abin da aka faɗa ba, da sanin cewa mai kallo ba shi da yadda zai gane. In batun ya shafi addini ko ƙabila, irin wannan yanka yana iya jawo asarar rai a garin da ba ruwansa. Yanzu kuma ga manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum har da motsin leɓensa, ta yadda za a sa shi ya yi Hausa garau a kan abin da bai taɓa furtawa ba.

Ka lura, ƙa'ida irin ta Ingila ba ta taɓa wannan gubar ba sam. Ta hana mai ba da dariya, ta ƙyale mai yanka da fuskar gaske. Kame irin namu ma haka: yana faɗawa kan yaron da ya sa fuskarsa da sunansa ya yi wasa a fili, ya tsallake wanda ya shirya ƙarya ya saki ba suna. Kuma duk wanda ya san siyasar ƙananan hukumomi ya san ba daga rumfar mai caji irin wannan ƙaryar take tasowa ba. Kusan kowane ɗan siyasa mai ji da kansa yana da yaransa na soshiyal midiya, yana saya musu waya da data, su ne ke kwana suna tono tsofaffin hotunan abokin hamayya. Honarabul ɗin da ya sa aka kama wani yau saboda an taɓa mutuncinsa, yaransa ne suka yi wa wani fiye da haka jiya.

Maganin yankakken bidiyo shi ne cikakkensa. In ɗan majalisa ya ce an datse masa magana, ya fito da jawabin daga farko har ƙarshe, mutane su kwatanta. In an ƙaga masa abin da bai faɗa ba, kotu tana nan, ya nemi diyya da kuɗin aljihunsa, ya tsaya a yi masa tambayoyi kamar yadda za a yi wa wanda yake ƙara, ba ya aika motar 'yan sanda ba. Wannan kuwa ya fi shafar majalisun jiha. Ta Kano mai mutum 40 da ta Jigawa mai mutum 30 su ne suka fi kusa da talaka, su ne kuma aka fi jahiltar abin da ke gudana a cikinsu. Majalisar Kano ce ta yi dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a Mayu 2019, ita ce kuma ta rushe su a Mayu 2024. Sau biyu ana sauya wa mutumin ƙauye sarkin da hakiminsa zai kai wa gaisuwa, amma ka tambaye shi me wakilinsa ya ce a ranakun nan biyu, da wuya ya sani. Sashe na 97 na tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar yin aikinta da harshen mutanen jihar bayan Turanci, in ta amince da haka. Ba abin da zai hana a naɗi kowane zama cikakke, a ajiye shi a intanet inda kowa zai iya saukewa, a kuma sa muhimman muhawarori a gidajen rediyon jiha da daddare, lokacin da manomi ya dawo daga gona. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na motar ɗan majalisa guda ba.